Me Ke Kayar da Tsohon Soja a Jami'a?

Tambaya: Ƙanena ya yi shekara takwas a rundunar sojan ƙasa ta Amurka, har ya je Afganistan. An sallame shi lafiya lau, yanzu yana da shekara 27 da mata da ɗa guda, kuma yana shirin shiga jami'a. Waɗanne matsaloli ne ke jiran irinsa? Gaskiya ne abin da nake ji cewa yawancinsu ba sa gamawa saboda yaƙi ya taɓa musu ƙwaƙwalwa?

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki a kan wannan magana ta ƙarshe, domin ba haka take ba. Ƙungiyar ɗalibai tsofaffin sojoji ta Student Veterans of America ta fitar da wani babban bincike a 2017 kan tsofaffin sojojin da suka yi karatu da tallafin gwamnati na bayan 2009, aka samu kusan kashi 72 cikin 100 ko dai sun kammala, ko suna nan suna ci gaba. Aikina ba irin waɗannan ɗalibai shawara ne, kuma abin da nake gani yana kayar da su ya fi ciwon yaƙi sauƙin faɗa, ya kuma fi shi yawa. Lokacin da aka ba su ƙidayayye ne, kuɗin yana zuwa da giɓi, sannan mutumin da ya saba da kaki ba ya son buɗe baki ya ce abu ya gagare shi. Idan ukun nan suka haɗu a kan mutum ɗaya, sai ƙaramar matsala ta cinye masa zangon karatu sukutum.

Wannan zargi na cewa soja ba zai iya karatu ba ma tsoho ne. Lokacin da Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar GI Bill ranar 22 ga Yunin 1944, wadda ta ɗauki nauyin karatun sojojin Yaƙin Duniya na Biyu, wasu shugabannin manyan jami'o'i sun nuna adawa a fili. Robert Hutchins na Jami'ar Chicago ya yi gargaɗin cewa makarantu za su koma matattarar 'yan zaman kashe wando. James Conant na Harvard shi ma ya yi ɗari-ɗari, daga baya ya dawo yana cewa jami'arsa ba ta taɓa samun ɗalibai masu hankali da himma kamar su ba. A 1947 kusan rabin waɗanda aka ɗauka a jami'o'in ƙasar 'yan mazan jiya ne, kuma a ƙarshe wajen mutum miliyan 2.2 suka shiga kwalejoji da jami'o'i da wannan tallafi. Ba kowa ya mora ba. Baƙaƙen sojoji a jihohin kudu sun tarar da ƙofofin jami'o'in Turawa a rufe, kwalejojin baƙaƙen fata kuma sun cika maƙil, dubbai suka koma gida da haƙƙinsu a takarda kawai.

Ƙanenki zai yi amfani ne da sabuwar dokar, wadda aka zartar a 2008 ta fara aiki a Agustan 2009, don waɗanda suka yi aikin soja bayan harin 11 ga Satumban 2001. Tun da ya wuce shekara uku a bakin aiki kuma an sallame shi da mutunci, cikakken kaso zai samu. Gwamnati za ta biya dukkan kuɗin makaranta idan jami'ar jiha ce, ta ba shi kuɗin haya duk wata, da abin da bai wuce dala 1,000 a shekara ba na littattafai. Idan jami'a mai zaman kanta ce akwai iyakar abin da ake biya, sai in makarantar tana cikin shirin Yellow Ribbon, inda ita da gwamnati ke raba ragowar ko wani ɓangare nata.

Amma duk wannan na wata 36 ne. Ki riƙe wannan adadi, domin kusan duk abin da zan faɗa yana komawa gare shi. Digirin farko zango takwas ne, kowane zango wata huɗu da ɗoriya. In kin lissafa za ki ga wata 36 ya yi daidai da digiri ɗaya cif, babu rarar da za a yi tuntuɓe da ita. Yaro ɗan shekara 18 da iyayensa ke biya masa yana iya fara injiniya, ya ga ba ta karɓe shi ba, ya koma tattalin arziki, ya ƙara shekara, babu wanda ya mutu. Tsohon soja in ya yi haka, shekarar ƙarshe daga aljihunsa za ta fito, ga iyali.

Wuri na farko da watannin ke zubewa shi ne lissafi. Mutum ya bar sakandare shekara tara ko goma da suka wuce, bai sake ganin aljabara ba. Jami'a ta yi masa gwajin tantancewa, ya faɗi, sai a tura shi darussan share fage, waɗanda ba a lissafa su cikin digiri amma ana cire su daga cikin watanninsa. Na sha ganin wanda ya ɗauki gwajin nan ranar da ya je rajista, bai ko san za a yi ba, alhali wata biyu na bita a gida da darussan kyauta na intanet da sun ishe shi tsallakewa. Wannan ita ce asarar da ta fi ba ni takaici, saboda arha maganinta yake.

Wuri na biyu shi ne horon da ya samu a soja. Akwai takarda da ake kira Joint Services Transcript, wadda ke jera duk kwasa-kwasan da soja ya yi, kuma ƙungiyar American Council on Education tana ba da shawarar kiredit nawa kowanne ya cancanta, wato makin darussa da ake tarawa har a cika digiri. Shawara ce kawai, kowace jami'a ita ke yanke abin da za ta karɓa. Da yawa sukan karɓa, amma su zuba su a kwandon darussan zaɓi, inda ba sa rage wa ɗalibi ko zango ɗaya na ainihin fanninsa. Sai ki ga wanda ya yi shekaru yana ɗinke rauni da sa ƙarin ruwa a bakin daga, an zaunar da shi ajin farko na koyon jinya ana nuna masa yadda ake auna bugun jini. Ban da ɓata lokaci, abin yana taɓa zuciya. Don haka kafin ya amsa tayin kowace makaranta, ya sa su rubuta masa abin da za su karɓa da kuma gurbin da zai cike. Makarantu biyu a gari ɗaya suna iya bambanta da zango guda cur.

Batun kuɗin haya kuwa, a takarda yana da kyau. Ana auna shi da kuɗin hayar da ake ba saje mai iyali a yankin da makarantar take, saboda haka na birni mai tsada ya fi na ƙauye. Sai dai ana biya ne bayan wata ya ƙare, ba a farkonsa ba, kuma ana biyan kwanakin da ake karatu ne kaɗai. Tun 2011 aka daina biyan kwanakin hutu tsakanin zango da zango. Ma'ana, idan zango ya ƙare a tsakiyar Disamba, sabo ya fara a tsakiyar Janairu, rabi-rabi zai gani a watannin biyu, shi kuwa mai gida cikakken kuɗinsa yake jira. Dogon hutun tsakiyar shekara babu ko sisi, sai in ya yi rajistar darussa, waɗanda su ma cikin wata 36 ɗin za su ci. Wanda duk karatunsa ta intanet ne rabin matsakaicin kuɗin ƙasa ake ba shi. Wanda bai wuce rabin nauyin darussa ba, ba ya samun komai na haya. Ga kuma jinkiri, wanda ba baƙon abu ba ne: a ƙarshen 2009 sai da ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta riƙa raba cak na gaggawa na dala 3,000 saboda takardu sun taru, a 2018 ma matsalar kwamfutocinta ta sa dubban ɗalibai suka yi makonni suna jira. Shawarar da nake ba kowa ita ce kada ya shiga zangon farko sai da kuɗin haya na wata biyu ko uku a ajiye. Ya kuma cike takardar neman tallafin ɗalibai ta gwamnatin tarayya, FAFSA, domin da yawa suna zaton GI Bill ta hana su, alhali ba ta hana ba, kuma ba a duba dukiyar iyayen tsohon soja wajen lissafin.

Akwai wani tarko da ba a cika faɗa musu ba. Idan darasi ya yi masa nauyi ya janye a tsakiyar zango ba tare da uzurin da aka amince da shi ba, kuɗin da aka riga aka biya yana iya komawa bashi a kansa. Kafin ya ajiye kowane darasi, ya fara zuwa wurin jami'in da ke tabbatar da rajistar tsofaffin sojoji a makarantar. Kowace makarantar da ke karɓar wannan tallafi tana da shi.

Sai maganar masu farautarsu. Inda aka ce ga mutum da kuɗin makaranta na gwamnati a hannu, dole a samu masu zawarcinsa. Dokar Amurka ta hana makarantun kasuwa, wato waɗanda aka kafa don riba, samun fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigarsu daga tallafin ɗalibai na tarayya. Shekara da shekaru ba a lissafa kuɗin GI Bill cikin kashi 90 ɗin nan, sai ya zama kowane tsohon soja da suka kama yana buɗe musu ƙofar ɗaukar ƙarin ɗalibai masu bashin gwamnati. Shi ya sa suka riƙa bin su har bariki da asibitocin sojoji. Wani kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Sanata Tom Harkin ya fallasa abin a rahotonsa na 2012. Cikin irin waɗannan makarantu, Corinthian Colleges ta rushe a 2015, ITT Technical Institute ta bi baya a 2016, dubban tsofaffin sojoji suka wayi gari watanninsu sun tafi, kiredit ɗin da suka tara kuma babu jami'ar kirki da ke karɓa. Dokar 2017 da ake yi wa laƙabi da Forever GI Bill ta mayar wa wasunsu haƙƙinsu, ta kuma cire wa'adin shekara 15 na amfani da tallafin ga waɗanda aka sallama daga farkon 2013. An toshe waccan kafa ta kashi 90 da dokar 2021, ta fara aiki a 2023. Duk da haka halin bai mutu ba. In makaranta tana kiransa a waya safe da yamma, tana cewa gurbi zai ƙare gobe, ya yi hattara. Jami'ar kirki ba ta roƙon ɗalibi haka.

To, mu shiga aji, inda a ganina ainihin gwagwarmayar take.

Shekara takwas ƙanenki bai taɓa tashi da safe yana tunanin me zai yi yau ba. An faɗa masa lokacin tashi, da abin da zai sa, da inda zai tsaya, da wanda zai amsa wa. In ya makara minti biyar, akwai wanda zai buga masa ƙofa. In an ba shi aiki, an faɗa masa manufarsa, da ma'aunin da za a ce ya yi kyau, da wanda zai duba. A jami'a malami zai miƙa masa takardar tsarin darasi a makon farko, a shafi na huɗu an rubuta cewa akwai maƙala mai shafi goma da za a kawo bayan wata uku, kuma ba lallai a sake tuna masa ba. In ya tambayi malamin me yake so a rubuta, sai ya ce, "Ra'ayinka nake son ji, ka kafa hujja." Ga wanda aka horar ya rubuta rahoto gajere, abin da ya faru da inda ya faru da abin da ake bukata, wannan amsa kamar rainin hankali ce. Yakan rubuta shafi biyu masu ma'ana ya tsaya, ya rasa abin da zai cike sauran takwas da shi. Kuma in ya daina zuwa lakca mako uku, babu wanda zai neme shi. Mutane suna ɗauka horon soja yana sa mutum iya tsara kansa. Yana sa shi iya bin tsari da jure wahala, wannan gaskiya ne. Ƙirƙiro tsarin da kansa, a ranar da lakca biyu kawai ke cikinta sauran awannin fayau, wata fasaha ce daban da sai ya koya. Waɗanda na ga sun yi nasara da wuri su ne waɗanda suka mai da karatun aikin ofis: su isa makaranta takwas na safe ko da lakca ko babu, su zauna a laburare har yamma, su koma gida wurin iyali.

Sannan ga abokan karatu. Shi yana da shekara 27, ya taɓa jagorantar mutum goma a inda kuskure ke nufin gawa. Na kusa da shi ɗan shekara 18 ne, yana latsa waya malami na magana, yana ƙorafin lakcar ƙarfe tara ta yi sammako. A haɗa su aikin rukuni, a sa lokacin haɗuwa, shi ya zo kafin lokaci, biyu su makara, ɗaya ya turo saƙo cewa ya manta. Ko dai ya yi musu tsawa irin ta bariki su tsorata su kai ƙararsa, ko ya haɗiye ya yi aikin duka shi kaɗai. Yawanci na biyun suke yi. Wata rana kuma, a wajen shan iska, wani yaro zai dube shi ido cikin ido ya ce, "Ka taɓa kashe mutum?" Ba da mugunta ba, son sani ne irin na ƙuruciya. Ko malami a darasin siyasa ya juyo ya ce, "Ga wanda ya je can, faɗa mana ra'ayin sojoji kan wannan yaƙi," kamar shi ne kakakin runduna. Bayan irin wannan sau ɗaya ko biyu, da yawa sukan daina faɗin cewa sun taɓa yin soja. Su zo, su zauna a baya, su fita. Mata tsofaffin sojoji abin ya fi yi musu tsanani, domin ko sun shiga ɗakin da aka ware wa tsofaffin sojoji sai a tambaye su ko mijinsu suke nema.

Kaɗaicin nan ba ƙaramin abu ba ne. A soja yana da mutanen da suka san shi ciki da bai, suna ci tare, suna kwana tare. Rana ɗaya aka ba shi takardar sallama, duk suka watse jihohi daban-daban. Ya rasa abokai, ya rasa muƙami, ya rasa amsar da yake bayarwa in an ce masa wane ne kai. Ɗalibin da bai san kowa a makaranta ba, ranar da abu ya yi tsami ba shi da dalilin komawa.

Yanzu batun lafiya, wanda kika fara da shi. Akwai shi, ba zan ɓoye miki ba. Wani ƙiyasi da ma'aikatar tsofaffin sojoji ta taɓa bayarwa shi ne tsakanin kashi 11 zuwa 20 cikin 100 na waɗanda suka je Iraƙi da Afganistan suna fama da ciwon firgicin nan da likitoci ke kira PTSD a cikin shekara guda. Kin ga ke nan mafi yawa ba su da shi. Wanda yake da shi kuma ba yadda ake nunawa a finafinai yake ba. Za ki gan shi ya zaɓi kujerar da bayansa ke jingine da bango yana kallon ƙofa. Babban ɗakin lakca mai mutum ɗari uku yana gajiyar da shi, domin rabin hankalinsa yana kan masu shige da fice. Bai yi barcin kirki da dare ba, sai ya karanta shafi sau uku bai riƙe komai ba. Abubuwan da suka fi wannan yawa ma ba a maganarsu. Ƙarar da ba ta yankewa a cikin kunne ita ce lalurar da aka fi biyan tsofaffin sojojin Amurka diyya a kanta, kuma tana tafiya da raunin ji, sai mutum ya zauna a baya saboda natsuwa alhali daga can ba ya jin malami. Akwai girgizar ƙwaƙwalwa daga fashewar bama-baman gefen hanya, wadda ke barin ciwon kai da mantuwa da rashin jure hasken allo. Akwai ciwon baya da gwiwa na shekarun ɗaukar kaya. Ga kuma layin ganin likita a asibitin tsofaffin sojoji, wanda in an ba ka rana ba ka isa ka ce ta ci karo da lakca ba.

Duk waɗannan akwai tanadinsu. Dokar ƙasar ta wajabta wa jami'o'i su sauƙaƙa wa mai lalura: ƙarin lokaci a jarrabawa, ɗaki shiru, izinin naɗar lakca, kujera a gaba. Amma sai ɗalibi ya kai kansa ofishin ya nema, kuma sunan ofishin yana ɗauke da kalmar naƙasa. A nan ake yin ta. Mutumin da ya ga abokinsa ya rasa ƙafafu biyu zai ce miki, "Ni lafiyata ƙalau, a bar wa masu bukata." A soja wanda ya cika zuwa asibiti ana yi masa kallon rago mai gudun aiki, kuma wannan tarbiyya ba ta fita da cire kaki. Haka yake ƙin zuwa ofishin malami a awannin da aka ware don ɗalibai, domin a saninsa ƙaramin soja ba ya zuwa ofishin hafsa sai in ya yi laifi. Haka yake ƙin zuwa wurin masu taimakon rubutu da lissafi, waɗanda kyauta ne, kuma mafi ƙwazon ɗalibai ne suka fi cika su. Sai ya bari har mako na goma, lokacin da maki ya riga ya lalace, sannan ya zo yana cewa yana ganin karatu ba nasa ba ne. Ni kuwa in na duba, matsalar da ta kawo shi ta mako na uku ce, wadda zama biyu da malami zai warware.

Abin da na ga yana karya wannan taurin kai shi ne wani tsohon soja ɗan'uwansa. In ni na ce masa ya je a duba masa rubutu, zai ce to, ba zai je ba. In wanda ya riga shi da shekara biyu, wanda ya san bariki, ya ce masa, "Tashi mu je, ni ma can nake zuwa," zai bi shi. Shi ya sa nake auna makaranta da wannan kafin sunanta: tana da ɗakin tsofaffin sojoji da ake zama a cikinsa da gaske? Tana da reshen ƙungiyarsu mai rai? Jami'in da ke kula da takardunsu aikinsa ke nan, ko an ɗora masa ne a kan wasu ayyuka biyar? Akwai kuma shirin Warrior-Scholar Project, wanda ya fara a Jami'ar Yale, inda ake tara tsofaffin ƙananan sojoji na mako ɗaya ko biyu kyauta ana koya musu karatu da rubutu irin na jami'a kafin su fara. Ga mai iyali da ya daɗe rabonsa da aji, fara shekara biyu a kwalejin al'umma ta kusa da gida sannan ya koma jami'a ba faɗuwa ba ce. Ajujuwan ƙanana ne, manya irinsa sun fi yawa, kuma karatun yana da arha har wasu kan biya da wani tallafin su adana watanninsu na GI Bill don jami'a mai tsada. In kuma an tabbatar masa da wata lalura da ya samo a bakin aiki, ya tambayi shirin koyar da sana'a da neman aiki na ma'aikatar tsofaffin sojoji, wanda shi ma yana biyan kuɗin karatu, tun kafin ya taɓa wata 36 ɗinsa.

Ke kuma naki aikin, ke da matarsa, ba shi ne ku riƙa tambayarsa ko yana lafiya ba, domin "lafiya lau" zai ce ko da wuta yake ciki. Ku tambaye shi abin da ke da amsa: yaushe ne jarrabawar farko, nawa ya ci, wa ya sani a ajin, ya taɓa shiga ofishin malamin? Makonni shida na farko ne ake gane inda aka dosa. In kuka ga ya daina barci, ya fara shaye-shaye, ko yana maganar cewa ya zame wa mutane kaya, kada ku jira ƙarshen zango. A Amurka ana kiran 988 a danna 1, layin tsofaffin sojoji ne dare da rana, kuma 'yan'uwa ma suna iya kira a madadinsa.